Ranar da aka tambaye ni ko ɗana yana waiwayowa idan na kira sunansa

Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba. Sunan mahaifin maigidana aka sa masa, gida duka Abba ake ce masa, ni kuwa ko Abban ba na iya furtawa a gaban surukata. "Kai" nake cewa, ko "yaron nan". Sai da ya shekara bakwai a duniya sannan wata baƙuwa ta zauna a gabana da takarda da biro ta ce, "Idan kin kira sunansa yana waiwayowa?" Na buɗe baki na rasa abin da zan ce mata.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Ringim, ba nisa da kogi. Na gama sakandare kafin a yi mini aure, shi ya sa da ake neman matan da za su riƙa bi gida-gida suna ɗiga wa yara rigakafin shan inna aka sa sunana. Na yi shekaru ina wannan aiki: akwatin ƙanƙara a kafaɗa, alli a hannu don yin alama a bango, a shafa wa yaro tawada a ƙaramin yatsa, a wuce gaba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Abba lafiya lau aka haife shi. Ya zauna a kan lokaci, ya yi rarrafe, ya yi tafiya. Yana da shekara ɗaya da 'yan watanni ya fara cewa "Inna" da "ruwa". Daga nan sai kalmomin suka ɓace kamar an share su da tsintsiya. Da fari aka ce yaye ne, tunda an kai shi ɗakin kakarsa. Aka ce zai ware. Bai ware ba. Aka koma cewa kurma ne, amma ni na san ba kurma ba ne, domin ko daga bayan ɗaki aka ɓare ledar biskit sai ka gan shi ya zo. Idan aka tayar da injin niƙa a maƙwabta kuwa, sai ya toshe kunnuwa da hannu biyu ya yi ta ihu yana buga goshi a ƙasa har a kashe.

Abin wasansa guda ɗaya ne, murfin kwanon sha. Zai kafa shi a gefe ya murza, ya kwanta ya ɗora kunci a ƙasa yana kallon yadda yake juyawa har ya kife, ya sake murzawa. Tun hantsi har azahar in ba a ɗauke shi ba. Tuwo yake ci gaya, in miya ta taɓa gefen malmalar ya bar ta ke nan. A kan yatsun ƙafa yake tafiya. Idan yana son abu ba ya nunawa, sai ya kama hannuna ya ja ni ya ɗora shi a kan abin, kamar hannun nawa ludayi ne.

Magana ta fara yawo a gari. Ba a gabana ake yi ba, amma ƙauye ba ya riƙe sirri. Wai ita da take ɗura wa 'ya'yan mutane maganin Turawa, ga shi nan ta ɗura wa nata ya wuce kima. Mutanenmu ba su manta 2003 ba, shekarar da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin an sa masa wani abu, har sai cikin 2004 aka dawo da shi. Akwai gidajen da suka daina buɗe mini ƙofa. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ni kaina in na kwanta da dare nakan ce, ko dai gaskiya ne?

Mun yi na gida iya yinmu. Rubutu, hayaƙi, ruƙiyya. Ba na raina addu'a, har gobe ina tofa masa kafin ya kwanta. Amma a cikin masu karɓar kuɗi akwai marasa tsoron Allah. Akuya biyu muka sayar saboda wani mai magani da Malam, maigidana, ya haɗu da shi a kasuwar Gujungu. Da ya ga kuɗi sun ƙare sai ya ce yaron ɗan ruwa ne, a kai shi bakin kogi a ajiye a juya baya, in nasu ne za su karɓi abinsu. Malam bai ce masa uffan ba, ya saɓi ɗansa a kafaɗa muka dawo. Ranar ce kaɗai na ga hawaye a idon mutumin nan.

Akwai abin da nake jin nauyin rubutawa, amma in na ɓoye shi labarin bai cika ba. Abba yana son ruwa, kuma ba ya tsoron komai. Sau biyu ana tsinto shi a hanyar kogi. Daga nan duk ranar da zan shiga aikin da ba zan iya sa masa ido ba, sai in ɗaure ƙafarsa da tsohon zani a jikin turmi. Ba ya ma kuka. Murfinsa yake murzawa. Wannan rashin kukan ya fi komai ci mini rai.

Bayan ambaliyar 2022, wadda ta cinye mana gero da shinkafa a gona, da sanyi ya fara shigowa, sai ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi na garinmu ta aiko a kira ni. Ta ce wasu masu bincike daga wata jami'a a Kano sun zo ta hannun hakimi da mai unguwa, suna neman iyayen yaran da suka makara wajen magana ko tafiya ko fahimta. Ni abin da kunnena ya ji shi ne likitoci sun zo da magani. Da gudu na koma gida.

Malam yana alwala na gaya masa. Ya ajiye buta ya ce, "Bincike? Ke ba ki san abin da aka yi wa yaran Kano ba?" Shi yana almajiranci a birni a 1996, shekarar da sanƙarau ya yi wa Arewa kisan kiyashi, ya ga yadda ake fita da gawa. A cikin annobar nan ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan, a gwajin da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a taɓa gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Inna, surukata, daga cikin ɗaki ta ɗaga murya: "Ke 'yar nan, jikana ba zakaran gwajin dafi ba ne." Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ban ga laifinsu ba.

Kwana uku ina lallashi. A ƙarshe Malam ya ce zai je da kansa ya ji, in ya ga allura ko ƙwaya to magana ta ƙare.

Shugabar tasu mace ce, likitar yara, ba ta kai Inna shekaru ba amma ta girme ni. A kan tabarma ta zauna a barandar asibitin, ba ta hau kujerar da aka kawo mata ba. Malam bai yi wata-wata ba ya jefa mata maganar Trovan. Na zaci za ta kare kanta. Sai ta ce, "Malam, kana da gaskiya da ka tambaya. Irin wannan ne ya sa tun 2007 ƙasar nan take da ƙa'idar binciken lafiya a rubuce, kuma ba mai fita bincike a kan mutane sai kwamitin ɗa'a ya duba ya amince." Ta sa mataimakinta ya karanta mana takardar neman amincewa da Hausa, shafi uku, daga farko har ƙarshe. Babu allura, babu magani. Tambayoyi ne, da kallon yadda yaro yake wasa, da gwajin ji. Ba za a rubuta sunansa a cikin sakamako ba, lamba za a ba shi. Duk ranar da muka ga dama mu janye, ba wanda zai ce don me, kuma ba za a hana mu ganin likita ba saboda haka. Kuɗin mota kawai za a ba mu.

Sai ta juyo gare ni ta ce, "Maman Abba, akwai abu ɗaya da nake so ki ji da kyau. Wannan bincike ba zai warkar da ɗanki ba. Wataƙila ma ba shi zai amfana ba, sai yaran da za a haifa nan gaba."

Jikina ya yi sanyi. Magani na zo nema. Amma a shekara biyar da na yi ina yawo da yaron nan, kowa cewa yake zai warkar da shi in an kawo kaza. Ita ce ta farko da ta ce ba za ta iya ba. Abin da ya sa na yarda da ita ke nan. Na sa hannu, Malam ya dangwala babban yatsa, ya tsaya yana goge tawadar a jikin bango.

Zaman tambayoyi ya ci kusan awa uku. A nan aka zo kan maganar suna. Da na yi shiru, mataimakin, wani saurayi ɗan birni, ya ɗaga biro zai rubuta "a'a". Na ce tsaya, ba cewa na yi ba ya waiwayowa ba, cewa nake ban taɓa kira ba. Ya dube ni kamar na yi masa Larabci. Likita ta yi dariya ta ce, "Ɗan fari ne ko?" Ta ce a tambayi wanda yake kiransa. Aka aika aka zo da Inna, wadda ta rantse ba za ta taka wurin ba. Ta tsaya a bayansa ta ce "Abba! Mai gidana!" har sau huɗu. Bai juyo ba. Aka ɓare leda, ya juyo.

Daga nan bakina ya buɗe. Aka ce yana kallon mutane cikin ido? Na ce a garin nan yaron da yake kafa wa babba ido rashin kunya ce, duka ma ake yi a kai. Shi ya sa shekara da shekaru ana yabon Abba da kunya. In kuna so ku gane, ku tambaya ko yana kallon idon uwarsa lokacin da take ba shi nono, ko idon yara sa'anninsa. Aka ce yana wasan kwaikwayo, kamar ya ɗauki waya ya yi kamar yana magana? Na ce ku tambaya ko yana yin tuwon ƙasa, ko yana ƙera motar kara, ko yana bin yara su yi wasan aure da 'yar tsanar ƙashi. Likita ta karɓe biron daga hannun saurayin ta riƙa rubutawa a gefen takarda da kanta. Ta ce yawancin waɗannan tambayoyi a Amurka da Turai aka tsara su, kuma mafi yawan abin da duniya ta sani game da wannan lalura daga yaran can aka samo shi. Ɗaya daga cikin dalilan zuwansu ke nan, su ga wace tambaya ce take aiki a kan ɗan Bahaushe, wace ce take kuskure.

Mako biyu bayan nan aka kai mu babban asibitin yankinmu a motarsu. Ɗaki ne da darduma da jakar kayan wasa. Wata ma'aikaciya ta hura kumfar sabulu, ƙwallaye suka tashi a iska. Abba ya miƙe a kan yatsunsa yana karkaɗa hannuwa, yana wata dariya da na manta rabon da in ji ta. Da kumfar ta ƙare ba ta sake hurawa ba, ta riƙe kwalbar tana jira. Ashe so take ta ga ko zai dube ta ya nemi ƙari. Bai dubi fuskarta ba, hannunta ya kama ya tura zuwa bakinta. Ta rubuta. Sai kuma aka fito da 'yar tsana da wani abu kamar cuɗaɗɗen ƙullu aka soka masa kyandirori, wai bikin zagayowar ranar haihuwar 'yar tsana ake yi, ana so a ga ko zai shiga wasan. Dariya ta kuɓuce mini. Na ce Likita, ko lafiyayyen yaron garinmu kika kawo nan zai tsaya ne yana kallonki. Ku yi suna mana, ku raba goro da alawa. Wannan ma ta rubuta.

Gwajin ji ya nuna kunnensa ƙalau. Ranar Likita ta zaunar da mu ta faɗi sunan abin: otizim. A rediyo nakan ji ana cewa galahanga, sai dai mu a wurinmu duk yaron da ya bambanta da sa'anninsa galahanga ake ce masa, da wanda shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa yana jariri, da wanda ya sha wuya wajen haihuwa, da mai farfaɗiya, alhali kowanne da nasa. Ta ce wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya bayyana lalurar a rubuce a 1943, bayan ya lura da yara 11. A lokacin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita, kuma an fi ganinta a maza. Yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne tun yaro yana ciki, gado yana da babban hannu a ciki, ba a ɗauka a jikin wani, ba kuma laifin tarbiyya ba ne.

Na jira Malam ya fita sallah sannan na yi tambayar da ta hana ni barci shekara biyar. Na ce rigakafi fa? Ta ce ba ni kaɗai ba ce, har Turawa sun yi wannan tsoro. A 1998 wani likita a Ingila ya wallafa rahoto a kan yara 12 yana danganta lalurar da allurar ƙyanda da ake haɗawa da wasu biyu. Daga baya aka gano rahoton ba na gaskiya ba ne, mujallar ta janye shi a 2010, shi kuma aka soke masa lasisin aiki. An bi dubban ɗaruruwan yara a ƙasashe daban-daban ba a sami wata alaƙa ba. Abin da yake ruɗa iyaye shi ne alamomin suna fitowa ne a daidai shekarun da ake yi wa yara rigakafi. Na sa gefen hijabi na rufe fuska na yi kuka mai isata. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ta bar ni na gama.

Ba komai muka yarda da shi ba. Sun nemi su ɗauki bidiyon wasansa, na ce a'a, ban san inda hoton ɗana zai ƙare ba. Akwai wani ɓangare na daban da ake karɓar yawu don duba gado, da takardarsa daban, Malam ya ce ko ɗigo. Na zuba ido in ga ko fuska za ta canza. Aka ja layi a wurin, aka ci gaba, aka ba mu kuɗin motarmu cif. Sun kuma duba ƙanwarsa, lokacin tana da shekara biyu, da wata takarda mai tambaya 20 da ake yi wa yara 'yan wata 16 zuwa 30, domin ƙannen mai lalurar sun fi sauran yara yiwuwar samunta. Ita tana nuna abu da yatsa, tana waiwayowa tun kafin a rufe baki. Ba a ga komai ba.

Abin da ya fi yi mini amfani ba ya ma cikin abin da na sa rai. Sun haɗa mu, iyaye mata, muna zama duk mako na 'yan watanni ana koya mana dabaru. A daina ƙwace murfin, a zauna a ƙasa a murza tare da shi. A riƙe abu biyu, koko da ruwa, a jira ya zaɓa. A rage surutu, kalma ɗaya a lokaci guda. A gaya masa kafin a tayar da inji, a kai shi can ƙuryar ɗaki. Amma zaman da kansa ya fi darasin. Wata daga ƙauyen gaba ta ce ita a ɗaki take kulle nata in za ta tafi rijiya. Sai na ji bakina yana ba da labarin turmi. Ba wadda ta zare ido. Wata dattijuwa ta ce ita ƙararrawar akuya ta ɗaura wa jikanta a ƙafa, duk inda ya nufa tana ji. Washegari Malam ya sayo ƙararrawa, ya kuma yi wa ƙofar zaure sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Tun ranar ban sake ɗaure shi ba.

Kada wani ya karanta wannan ya zaci an yi abin al'ajabi. Abba ya haura shekara goma yanzu, kalmominsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. "Ruwa" ta dawo. Yana nuna abu da yatsa in ya ga dama. Ba ya makaranta, malamin firamare ya ce yara sun yi masa yawa a aji ba zai iya da shi ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Na san an sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019, amma dokar ba ta iso garinmu ba tukuna. Yana bin babansa kiwo, kuma in akuya ɗaya ta ɓace shi yake fara tsayawa ya ƙi tafiya.

Ina da ƙorafi kuma, ba zan haɗiye shi ba. Sun yi alkawarin dawowa su gaya mana abin da suka gano. Shekara ta zagayo shiru. Lambar da ke jikin takardar in na kira sai a ce a kashe take. Mu da muka zauna awa uku-uku muna tona cikinmu, muka faɗi abin da ko 'yan uwanmu ba mu gaya wa ba, ai mun cancanci a zo a ce ga inda maganarku ta kwana. Can daga baya saurayin nan ya zo da wasu takardu ya bari a asibiti, da Turanci, irin Turancin da sakandare ta ba ta kai ba. Na gaya masa ya faɗa wa Likita, yadda aka iya karanta mana takardar neman amincewa da Hausa, haka ya kamata a karanta mana ta sakamako. Ya sunkuyar da kai ya ce zai isar. Kafin ya tafi ya ciro sabuwar takardar tambayoyinsu ya nuna mini wani layi. An gyara shi. Yanzu cewa yake: idan an kira shi da sunan da aka saba kiransa a gida, ko wane ne ya kira.

Daren Juma'ar da ta wuce, bayan isha, aka yi sallama a tsakar gida. Wata maƙwabciyarmu ce, tana cikin waɗanda suka rufe mini ƙofa a shekarun baya. Jikanta ne goye a bayanta, ya kusa shekara uku. Ta daɗe tana gaisuwa, ta tambayi Inna, ta tambayi awaki, sannan ta sauke shi a kan tabarma ta ce, "Maman Abba, don Allah ki duba mini yaron nan, an ce ke kin san abin." Na ce ni ba likita ba ce, Goggo, amma ranar Litinin zan raka ki wurin ma'aikaciyar asibiti ta rubuta muku takardar zuwa birni. Yaron ya rarrafa ya ɗauki murfin Abba yana jujjuya shi. Na kawo fitila kusa, na zagaya ta bayansa, na ce mata, "Da wane suna kuke kiransa a gida?"